Richmond, Inda Ake Neman Kakanni a Littafin Haraji

Amurkawa mutane ne masu son tonon asali. Da zarar mutum ya yi ritaya, 'ya'ya sun kama gabansu, sai ka ga ya tara fayil-fayil a kan teburin cin abinci, ya duƙufa neman sunan kakan kakansa: wane jirgin ruwa ya kawo shi, a wace gunduma ya sare daji, 'yar gidan wa ya aura. Harka ce babba, da ƙungiyoyinta da mujallunta da kamfanonin da ke cin abinci da ita. Baƙo zai zaci takardun haihuwa da na mutuwa ne jarin masu wannan aiki. To, a jihar Virginia sai a 1853 hukuma ta fara rubuta haihuwa da mutuwa, ta daina a 1896, ba ta koma ba sai 1912. Wanda kakanninsa suka yi zamaninsu kafin nan dole ya nemi wani mai shaida. Wanda suka fi dogara da shi, kamar yadda na gani a birnin Richmond, shi ne mai haraji.

Ƙanena da ke aiki a arewacin jihar ne ya kai ni a motarsa. Da na faɗa masa inda za mu, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, mutane na zuwa ƙasar nan su ga fadar shugaban ƙasa, kai kuma takardun haraji ka zo gani?" Na ce masa ya dai tuƙa. Ya sauke ni a ƙofar Laburaren Virginia da ke titin Broad, ya wuce neman wurin ajiye mota.

An kafa laburaren a 1823, ginin da yake ciki yanzu kuwa na 1997 ne, 'yar tafiya kaɗan daga majalisar jihar wadda Thomas Jefferson ya zana. Nan ne ma'adanar takardun gwamnatin Virginia. A bene akwai layin na'urorin duba maikurofim, wato zaren fim da aka ɗauki hoton tsofaffin takardu a kansa, ga kuma akwatunan ƙarfe masu aljihu an jera zaren a ciki gunduma-gunduma. Yawancin masu zama gaban na'urorin furfura ta cika musu kai. Ba ka jin komai sai ƙarar zare idan wani yana naɗe shi. Da dama daga cikin takardun nan yanzu ana samun hotonsu a intanet, musamman a shafin FamilySearch na cocin Mormon, amma har yau mutane na zuwa, don a nan akwai ma'aikatan da suka san wace doka ce ta haifi wace takarda.

Tambayar da ta fara zo mini ita ce: ina amfanin ƙidaya? Ai Amurka na ƙirga mutanenta duk bayan shekara 10 tun 1790. Amsar kashi biyu ce. Na farko, takardun ƙidayar Virginia na 1790 sun ɓace, haka kusan dukkan na 1800. An daɗe ana ɗora laifin a kan sojojin Birtaniya da suka cinna wa Washington wuta a 1814. Ko ma mene ne sanadin, takardun dai babu su. Da hukumar ƙidaya ta tashi buga littafin magidantan 1790 a shekarar 1908, sai ta cike gurbin Virginia da jerin sunayen da jihar ta tattara tsakanin 1782 da 1785. Na biyu, ko inda ƙidayar ta tsira, kafin 1850 sunan maigida kawai take kawowa, sauran mutanen gida sai dai a ƙirga su. Kuma shekara 10 ba kwana 10 ba ce. A tsakanin ƙidaya biyu yaro zai girma, ya yi aure, ya sayar da gona, ya ƙetare duwatsu zuwa Kentucky, ƙidaya ba ta ko san an yi shi ba. Mai haraji kuwa duk shekara sai ya zo.

Tun daga 1782, ana dab da ƙare yaƙin neman 'yanci daga Ingila, jihar ta kasa harajinta gida biyu: na ƙasa da na dukiya. Kowace gunduma da littafinta na kowace shekara. A littafin dukiya ana rubuta sunan mai biya, sannan a jera gurabe a gabansa: Turawa maza baligai nawa ke gidan, bayi nawa, dawaki nawa, shanu nawa a shekarun farko, ƙafafun keken doki nawa, ko yana da ingarman barbara, ko lasin masauki da mashaya, ko teburin biliyad. Kallon farko ba ka ganin komai sai sunaye da lambobi cikin rubutun alƙalamin gashin tsuntsu. Wata dattijuwa Baturiya da ke zaune kusa da ni ce ta nuna mini cewa takarda guda ba ta magana. Sai an jera na shekara 20 ko 30 an bi suna ɗaya a cikinsu, layi bayan layi, tana kwafewa a takarda mai gidan dara.

Ga yadda abin ke tafiya. A ce wani manomi an rubuta masa namiji baligi ɗaya shekara da shekaru, wato shi kansa. Wata shekara sai lambar ta zama biyu. Bai haifi ƙato rana ɗaya ba. Ɗansa ne ya kai shekarun da doka ke fara ƙirga shi, 16 a wasu shekarun, 21 a wasu. Sai mai bincike ya ɗebe, ya sami shekarar haihuwar yaron, kuskuren bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Bayan 'yan shekaru lambar uban ta koma ɗaya, dokinsa ɗaya ya ragu, ga wani sabon suna mai irin sunan gidansu ya ɓullo da namiji ɗaya da doki ɗaya. Yaro ya tashi, galibi kuma aure ya yi. Can gaba sunan uban ya ɓace, sai na mace ya maye gurbinsa da dawaki iri ɗaya da bayi iri ɗaya, ba namiji baligi ko ɗaya. An yi rasuwa ke nan, kuma a wannan layin ne sau da yawa ake fara jin sunan matar, domin a dokar da suka gada daga Ingila dukiyar matar aure tana ƙarƙashin mijinta ne, ba ta fitowa a littafi sai ta zama gwauruwa ko kuwa ba ta taɓa aure ba. A littafin ƙasa kuma gonar takan ci gaba da amsa sunan mamacin, da ɗan rubutu a gefe mai nuna dukiyar gado ce, har ranar da aka raba, eka 300 ta tsinke gida uku ko huɗu. A nan ake gano 'ya'ya mata, ta sunayen mazajensu.

Amma fa akwai ramuka a hanyar, kuma dattijuwar ta fi ɗaukar lokaci a kansu. Ɓacewar suna ba lallai mutuwa ba ce. Kotun gunduma kan yafe wa tsoho ko gajiyayye haraji, sai ya fita daga lissafi alhali yana nan da ransa. Wani kuma bai motsa ko taku ɗaya ba, gundumar ce aka tsaga, sunansa ya koma sabon littafi. Virginia ta yi ta haifar gundumomi yayin da mutane ke nausawa yamma, Kentucky ma ɗungurungum yankinta ce har 1792, West Virginia kuwa har 1863. Laƙabin "babba" da "ƙarami" da ake liƙa wa masu suna ɗaya ba ya nufin uba da ɗa. Mai rubutu na bambance wanda ya girmi wani ne kawai, kuma idan babban ya mutu, ƙaramin kan gaji laƙabin. Inda masu suna ɗaya suka yi yawa, mai haraji kan ƙara abin da zai gane su da shi: ɗan wane, maƙeri, na bakin rafi kaza. Ba don zuri'a ya yi haka ba, don kada ya karɓi kuɗi hannun wanda ba shi ba ne. Amma kalmomin nan biyu, "ɗan wane", wani lokaci su ne kaɗai shaidar da ta rage a duniya ta cewa wannan ne ya haifi wancan.

Akwai takardar da ta fi ba ni dariya, ta waɗanda ba su biya ba. Jami'in da ke karɓar kuɗin, wanda suke kira sherif, dole ya yi wa kotu bayanin abin da ya hana shi kawo cikakken lissafi. Sai ya rubuta gaban kowane suna: ba shi da komai, ba a same shi ba, ya gudu, ya koma Kentucky, ya tafi Ohio. Kakan da ya zille wa haraji ya bar wa jikokinsa adireshi, wanda ya biya a kan kari bai bar musu komai ba sai lamba.

Dabarar da ta fi burge ni kuwa ta littafin 1787 ce. Dokar wannan shekara ta sa kwamishinan haraji ya bi gida-gida da kansa, ya rubuta ranar da ya je wurin kowa. Daga baya sai ya kwafe sunayen bisa harafin farko, wanda hakan ya wargaza maƙwabtaka: ba ka san wa ke kusa da wa ba. Amma kwanan watan yana nan a gefe. Idan aka sake jera sunayen bisa rana, hanyar da dokin kwamishina ya bi sai ta fito, waɗanda ya gani rana ɗaya maƙwabta ne. A zamanin da saurayi ba ya neman aure nesa da inda doki zai kai shi ya dawo, wannan ba ƙaramin haske ba ne ga mai neman dangin kakarsa. Wasu mata biyu, Netti Schreiner-Yantis da Florene Love, sun tattara littattafan wannan shekara suka buga su da sunan ƙidayar Virginia ta 1787, duk da ba ƙidaya ba ce.

Sai maganar gobara. A daren 2 ga Afrilun 1865 zuwa wayewar gari, sojojin Kudu da ke ficewa daga Richmond a ƙarshen yaƙin basasa suka sa wa rumbunan taba wuta, wutar ta ci babban yanki na birnin. Gundumomi irin su Hanover da New Kent sun aiko da takardun kotunansu nan don gudun yaƙi, suka ƙone a inda aka kawo su ɓuya. New Kent ma ba karon farko ba ke nan, don an taɓa ƙona ofishin magatakardanta a 1787. Kotun Buckingham ta ƙone a 1869. Wasiyyoyi, takardun sayen ƙasa, na aure, duk sun zama toka. Littafin haraji ya tsira ne saboda ana yin kwafinsa fiye da ɗaya, kuma guda dole a aika wa oditan jiha. Gwamnati tana iya sakaci da wasiyyar talaka, ba ta sakaci da lissafin kuɗinta.

Yaƙi ma yakan yi wa masu bincike rana. Don biyan bashin yaƙin 1812, Virginia ta sa haraji a 1815 kan agogo, madubi, darduma, labule, fiyano, kayan azurfa da hotunan bango, sai ga cikin ɗakin mutum a takarda. A 1798 kuma, ana fargabar yaƙi da Faransa, gwamnatin tarayya ta nemi dala miliyan 2 daga gidaje, filaye da bayi. Masu kimantawa suka riƙa auna gida tsawo da faɗi, suna rubuta da me aka gina shi, har tagogi suna ƙirgawa. Manoma masu jin Jamusanci a Pennsylvania suka yi bore ƙarƙashin John Fries, aka yanke masa hukuncin rataya, shugaba John Adams ya yafe masa a 1800. Takardun jihohi da yawa na wannan haraji sun ɓace, amma na Pennsylvania da Maryland da Massachusetts da dama suna nan.

Ina kallon guraben nan na maza baligai da shanu, ba yadda za a yi Bahaushe bai tuna da haraji da jangali ba: dagaci da mai unguwa da malamin haraji, da shekarar da ake cewa yaro ya isa a sa shi a takarda. Balarabe Musa da Abubakar Rimi sun soke su a Kaduna da Kano a 1979, talakawa suka yi murna, kuma da gaskiyarsu. Rahotannin kimanta haraji da su Di'o suka rubuta suna ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, malaman jami'a na amfani da su. Abin da nake ganin ya cancanci a nema shi ne jerin sunayen masu biya na ƙauye-ƙauye, in gara ta bar wani abu a tsofaffin ofisoshin hakimai.

Duk abin da na faɗa kan Amurka zuwa nan labarin Bature ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A littafin dukiya na Virginia, gurbin bayi yana tsakanin na Turawa maza da na dawaki. A jimillar ƙidayar 1790, wadda ba ta ɓace tare da sunayen ba, bayin Virginia sun kusa 293,000, sun fi na kowace jiha yawa. Jikokinsu ma suna zuwa ɗakin nan, suna zama gaban na'ura iri ɗaya, suna juya zare iri ɗaya, amma abin da suke nema daban.

Na yi hira da wani dattijo Baƙar fata a wurin shan shayi na ƙasa. Ya ce su masu irin nasa binciken suna da shekarar da suke kira bango: 1870. Ita ce ƙidaya ta farko da ta kawo sunayen bayin da yaƙin basasa ya 'yanta. A 1850 da 1860 an yi wa bayi jeri na daban, amma sunan ubangida ne a sama, a ƙasa sai shekaru, jinsi da launin fata. Ƙetare bangon nan sai ta hanyar ubangidan. Shi ya fara ne da littattafan harajin shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, inda aka soma rubuta maza Baƙaƙe da sunansu, a wasu gundumomi har da sunan wanda suke yi wa aiki. Sau da yawa wannan mai gona shi ne tsohon ubangida. Daga nan sai ya bi Baturen baya-baya, shekara-shekara, yana kallon gurbi ɗaya tak. Shekarar da bayi 12 suka koma 7 a layin tsoho, 5 kuma suka ƙaru a layin surukinsa, an aurar da 'ya an haɗa mata da mutane cikin kayan aure. Shekarar da layin ya watse gaba ɗaya, an yi rasuwa, sai a garzaya littafin wasiyya, da jerin kayan mamaci, da ƙarar rabon gado idan magada sun yi rigima. A can ne sunaye ke fitowa, kowane da farashinsa. Ya ce yana addu'ar ya tarar magadan sun yi faɗa, domin gidan da aka raba gado lami lafiya ba ya barin takarda mai yawa.

Wanda ya yi sa'a kakanninsa na cikin littattafan farkon shekarun 1780, lokacin da gundumomi da yawa ke rubuta sunan kowane bawa a gefen na ubangidansa, suna ɗaya ba na uba. Bayan 'yan shekaru aka daina, aka koma lamba zalla.

In aka koma zamanin mulkin Ingila, abin ya fi fitowa fili. A lokacin harajin kai ake biya, da taba, laba kaza a kan kowane kai. Namiji mai shekara 16 kai ne. Baturiya ba kai ba ce. Amma tun 1643 majalisa ta ce mace 'yar Afirka mai shekara 16 kai ce, domin a ganinsu ita ma'aikaciyar gona ce. Wannan na cikin dokokin farko da suka raba mutane da launi a Virginia, kuma dokar haraji ce. A 1723 aka ƙara jaddada ta a kan 'yantattun mata Baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar, har da duk matar da ke auren irin waɗannan maza, sai a 1769 aka sassauta. Don haka idan mai bincike ya ga an ƙirga matar mutum cikin kawunan da zai biya wa, ya san yadda hukuma ke kallon launin gidan ko ba a rubuta ba. Paul Heinegg ya kwashe shekaru yana bin irin waɗannan jeri da takardun kotu, ya nuna cewa yawancin tsofaffin gidajen 'yantattun Baƙaƙe na Virginia sun samo asali ne daga Turawa mata 'yan ƙodago da suka haihu da maza 'yan Afirka. Dokar 1662 ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi, uwa 'ya ce, ɗa ya tashi ɗa. Wasu daga cikin zuri'ar nan sun yi ta auratayya har suka narke cikin Turawa, kuma akwai Amurkawa farare da suka zo neman kaka daga Ingila suka tarar da shi a wannan layi.

Haraji bai rabu da Baƙaƙen Virginia ba ko bayan 'yanci. Tsarin mulkin jihar na 1902 ya sa biyan harajin kai ya zama sharaɗin jefa ƙuri'a, aka toshe wa dubbai hanyar akwati, sai a 1966 Kotun Ƙoli ta rushe shi a shari'ar Harper.

Na tambayi dattijon: idan lambar ta ragu a layin ubangida, ba ta kuma ƙaru a layin kowa ba a gundumar fa? Ya nuna mini gabas da hannu. In ka bi titin Broad ka gangara tudu, za ka faɗa kwarin Shockoe, inda kasuwar bayin Richmond take, wadda ba ta da ta biyu a ƙasar sai ta New Orleans. Da yamma ni da ƙanena muka gangara. Wurin da kurkukun dillali Robert Lumpkin yake yana gefen babbar hanyar mota mai lamba 95, kusa da tashar jirgin ƙasa. Masu tonon tarihi sun gano harsashinsa a 2008 suka sake rufewa. Bayan an hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, Virginia ta zama mai sayarwa, gonakin audugar Kudu masu saye. Kimanin mutum miliyan ɗaya aka kwashe daga jihohi irin su Virginia zuwa can kafin yaƙin basasa.

Littafin haraji iyakarsa ke nan. Yana faɗa maka shekarar, ba ya faɗa maka inda aka kai mutum. Dattijon ya ce mataki na gaba shi ne takardun jiragen ruwa, domin dokar da ta hana shigo da bayi ta wajabta wa duk jirgin da zai kai su daga tashar Amurka zuwa wata ya rubuta suna, shekaru, tsawo da launin kowane ɗaya, kuma na New Orleans da yawa suna ma'adanar tarayya. Waɗanda aka kora a ƙasa, ɗaure da sarƙa, ta Tennessee zuwa Natchez, su dokar ba ta nemi a rubuta musu irin wannan takarda ba. Ya ce mutum biyu yake nema, waɗanda suka fita daga layin ubangida a shekara ɗaya, kuma zai fara da jiragen da suka tashi daga Richmond da Norfolk a kakar waccan shekara.